Wa Ya Cancanci Zama Cikin Jirgin? Yadda Tseren Kwale-kwale Tsakanin Jihohin Ostareliya Ya Faro

A watan Maris na 1878, wasu dogayen jirage biyu sirara suka jera a kogin Yarra da ke Melbourne, kowanne ɗauke da matuƙa takwas da mai riƙe linzami ɗaya. Ɗaya na Victoria ne, masu masauki. Ɗayan na baƙi ne daga Sydney, wakilan New South Wales. Victoria ta ci. Da shekara ta zagayo aka koma kogin Parramatta, can gidan waɗanda aka kayar, su kuma suka rama. Daga nan abin ya zauna, bana a nan baɗi a can, kuma har yau ana yin wannan tsere. Shi ne ake kira Kofin Sarki.

A wancan lokaci babu wata ƙasa guda mai suna Ostareliya a siyasance. Yankuna shida ne na mulkin mallakar Birtaniya, kowanne da gwamnansa, da majalisarsa, da kan sarkinsa, da jami'an kwastan ɗinsa. Victoria ta ɓalle ne daga New South Wales a 1851, kuma a shekarar aka gano zinariya a ƙasarta, kafin a ce kwabo Melbourne ta cika ta batse har ta shiga gaban Sydney a arziki da yawan jama'a. Sydney na ganin ita ce uwa, Melbourne na ganin ita ce mai kuɗi. Victoria na sa haraji mai nauyi kan kayan waje, New South Wales na bin buɗaɗɗiyar kasuwa, don haka a bakin kogin Murray da ya raba su akwai gidajen kwastan. Ko layin dogo da aka haɗa a garin Albury a 1883 bai haɗu da gaske ba, domin faɗin layin kowa daban: fasinja sai ya sauka daga wannan jirgi ya hau wancan. Waɗannan ne mutanen da suka amince su riƙa haɗuwa a kan ruwa duk shekara, shekaru 23 kafin su amince su zama ƙasa ɗaya.

Sai dai duk wanda ya bi tarihin gasar zai lura cewa faɗan da ya fi zafi a kan tudu aka yi shi, a ɗakunan taro da shafukan jaridu. Tambayar da ta hana su barci shekara da shekaru ita ce wane irin mutum ne ya halatta ya zauna cikin jirgin.

Kafin a kai nan, ya kamata a san yadda wasan yake, don ya bambanta da wanda muka saba gani. Matuƙin kwale-kwale a Argungu ko Yawuri yana fuskantar inda ya nufa, filafili a hannunsa sake. A wannan wasa kuwa matuƙi baya yake ba wa inda za shi, filafilinsa dogo ne kuma a maƙale yake cikin wani ƙarfe da ya fito daga gefen jirgi. Jirgin mutum takwas yana kai kusan mita 18 a tsawo, faɗinsa kuwa iyakar mazaunin mutum ɗaya, a wancan zamani ana yin sa da katako marar kauri wanda ƙafa za ta iya hudawa in aka taka ba daidai ba. Huɗu na tuƙi ta dama, huɗu ta hagu. Mutum na tara, wanda yawanci ƙaramin jiki ne da shi, shi kaɗai ke ganin gaba, shi ke jan igiyar linzami yana kuma yi musu tsawa. Wanda ke zaune dab da shi shi ne jagaba, da bugunsa sauran bakwai ke daidaita nasu. A farkon shekarun 1870 aka shigo da kujera mai zamewa gaba da baya, abin da ya mayar da aikin daga hannu da baya zuwa cinya da ƙafa. Tazarar da gasar ta daɗe a kai mil uku ce, wato kusan kilomita biyar, ana shafe sama da kwata na awa ana ja babu numfasawa. In mutum ɗaya ya makara da sa filafili a ruwa da ƙiftawar ido, jirgin gaba ɗaya zai ji a jikinsa.

Tseren 1878 bai faɗo daga sama ba. Sydney da Hobart garuruwa ne na tashar ruwa, tun kafin a yi tituna na kirki jirgin fito ne motar haya. Bikin tseren jirage na Sydney ya faro a 1837, na Hobart a 1838, kuma masu fito da masu farautar kifin whale ne taurarinsa. A Melbourne kuwa wasan ya shigo ne ta wata ƙofa daban. Farfesa Martin Irving, wanda ya yi tuƙi a Oxford, shi ya kafa kulob na Jami'ar Melbourne a 1859, wanda shi ne mafi daɗewa a ƙasar. A 1863 aka yi karawa ta jirgin mutum huɗu tsakanin yankunan biyu a Parramatta, New South Wales ta ci. An sake 'yan karawa irin wannan a farkon shekarun 1870, amma jefi-jefi, babu tsayayyen tsari, kulob ne ke gayyatar kulob. Abin da ya sauya lamarin shi ne kafa ƙungiyoyi: ta Victoria a 1876, ta New South Wales a 1878. Daga lokacin aka sami wanda zai aika takardar ƙalubale da sunan yanki, da wanda zai amsa, da kuma wanda zai rubuta doka. A wajen rubuta dokar ne aka kwaso rigima.

A shekarun nan, mashahuran matuƙan Ostareliya duk masu tuƙi don kuɗi ne, kuma duk masu aikin ƙarfi. Edward Trickett mai fasa dutse ne. A watan Yuni na 1876 ya doke Joseph Sadler a kogin Thames na Landan, ya zama ɗan Ostareliya na farko da ya riƙe kambin duniya a kowane irin wasa, kuma an ce mutum kusan 25,000 suka tarye shi a Sydney. William Beach maƙeri ne daga Dapto, shi ya ƙwace kambin daga hannun Ned Hanlan na Kanada a Parramatta a 1884. Henry Searle, ɗan manomi daga kogin Clarence, ya zama zakara a 1888, zazzabin taifot ya kashe shi a ƙarshen 1889 yana ɗan shekara 23. An ƙiyasta mutum 170,000 suka fito jana'izarsa a Sydney, kuma har yau akwai wani ginshiƙi mai karyayyen kai a tsakiyar Parramatta, a wurin da ake ƙare tsere, don tunawa da shi. Waɗannan su ne gwarzayen jama'a. Ana zuba fam ɗaruruwa a kan tserensu, 'yan caca na cika jiragen tururi suna bin su a baya.

To, babu ɗaya daga cikinsu da zai iya shiga jirgin yankinsa. Gasar tsakanin yankuna ta 'yan sha'awa ce, waɗanda ba su taɓa karɓar ko sisi don tuƙi ba. Har nan babu gardama, kowa ya yarda wanda ya ci kuɗi da filafili ya tsaya a ɓangarensa. Inda gizo ke saƙar shi ne mutumin da bai taɓa karɓar kuɗin tsere ba, amma da ƙarfin damtsensa yake ci da iyalinsa.

A Ingila an riga an yanke hukunci. Masu shirya gasar Henley, babbar gasar tuƙi ta Ingila a kogin Thames, a 1879, sannan ƙungiyar matuƙa 'yan sha'awa ta ƙasar da aka kafa a 1882, sun rubuta ƙarara cewa duk wanda yake, ko ya taɓa zama, makanike ko mai sana'ar hannu ko lebura a kan albashi, ba ɗan sha'awa ba ne. A lura da "ko ya taɓa zama". Ko mutum ya yi arziki daga baya, tabon bai goguwa. Ƙungiyar New South Wales ta ɗauki wannan ra'ayi ta rungume. A bukukuwan tsere na Sydney har aji na daban ake ware wa masu aikin ƙarfi, su yi ta kansu. Victoria kuwa ta ƙi. A wurinta, in dai mutum ba ya tuƙi don kuɗi kuma ba aikin jirgi ne sana'arsa ba, ko birkila ne ko mahauci, bismilla.

Hujjar mutanen Sydney, in an tambaye su, ita ce adalci. Akawun banki yana zaune kan kujera daga safe zuwa yamma, sai bayan an tashi aiki yake samun awa guda ya motsa jiki. Mai ɗaukar buhu a tashar ruwa kuwa aikinsa ma atisaye ne, kuma biyansa ake yi. Ta yaya za a haɗa su tsere ɗaya? Maganar tana da ɗan kama hankali in an ji ta da farko, amma ba ta jure bincike. Wanda ya wuni yana sauke kaya ba ya zuwa bakin kogi da ƙarfi, da gajiya yake zuwa, kuma ba shi da ranakun hutun da ɗan jami'a ke da su. Sannan in ƙarfin jiki ne matsalar, me ya sa dokar ta kama har wanda ya bar aikin shekara goma? Ni dai abin da nake gani, abu biyu ne suka haɗu. Akwai ƙyamar zama a benci ɗaya da yin wanka a ɗaki ɗaya da wanda ake ganin ba sa'a ba ne, domin kulob ɗin tuƙi wurin hulɗa ne, ana liyafa, ana rawa, ana haɗa aure. Akwai kuma tsoron shan kaye a hannun yaron gidanka a gaban jama'a.

Duk da haka bai kamata a mayar da Sydney ita kaɗai mai laifi ba, domin tana da ƙorafi na biyu wanda ya fi na farko ƙwari. Victoria tana barin wanda ya ci kyautar kuɗi a wani wasa daban, kamar gudu ko tseren keke, ya yi tuƙi a matsayin ɗan sha'awa. Mutanen Sydney kuwa sun ga abin da kuɗi ke yi wa wasa a ƙofar gidansu. Inda caca ta yi yawa, zargin sayar da tsere ba ya ƙarewa, kuma tuƙin kuɗi ya sha wannan zargi. Suna tsoron in aka buɗe ƙofa kaɗan, 'yan caca za su shigo da ƙafar dama. Saboda haka kowane ɓangare na kallon ɗan'uwansa a matsayin mai lalata wasan: wannan na cewa kun cika girman kai, wancan na cewa kun cika sakaci. An yi taro a 1888, an sake yin wasu bayansa, ana yin sulhu yana warwarewa. A ƙarshen shekarun 1890 abin ya kai New South Wales ta ƙaurace wa gasar na ɗan lokaci, kafin ta dawo dab da ƙarewar ƙarnin.

A kan ruwa kuwa, sakamakon ya nuna inda ƙarfi yake. Bayan 1879, New South Wales ta ci a 1882 da 1885 da 1893, Queensland ta ba kowa mamaki a 1891, sauran shekarun duk Victoria ce. Daga 1894 zuwa 1905 ma sau goma sha biyu a jere ta lashe, tana cin karenta babu babbaka. Ba za a ce dokar leburori kaɗai ta jawo haka ba. Yarra kogi ne mai kwanciya da ya ratsa tsakiyar gari, ya dace da jirgin mutum takwas, kuma kulob-kulob sun jeru a bakinsa, ga wasu a Geelong da Ballarat. Tashar ruwan Sydney kuwa faɗi gare ta, ga iska, ga igiyar ruwan da jiragen fito ke tayarwa, siririn jirgi na shan wahala. Amma lissafin a fili yake. Yankin da ke zaɓen mutum takwas daga cikin dukan samarinsa zai fi wanda ya fara da cire mafi yawansu tun kafin a gwada kowa. New South Wales ita ce ke fitar da zakarun duniya ɗaya bayan ɗaya daga cikin maƙera da masu fasa dutse, amma ta kasa haɗa jirgin da zai kayar da maƙwabciyarta, saboda ta rufe wa irin waɗannan mutane ƙofa da hannunta.

Sauran yankunan sun shigo a hankali, kuma nisa ne ya fi ba su wahala. Queensland da Tasmania sun fara leƙowa a 1885. Ostareliya ta Yamma ta zo a 1897, ta Kudu a 1899. Mutumin Perth da zai yi tsere a Melbourne sai ya hau jirgin teku ya ratsa mashigin kudu mai hauka na kwanaki, domin layin dogo bai haɗa yamma da gabas ba sai 1917. Jirgin tseren ma fasinja ne mai wuyar sha'ani: abu mai tsawon mita 18 da ba ya lanƙwasuwa, a ɗaure a saman bene ana addu'ar kada igiyar ruwa ta fasa shi. Matuƙan kuwa sai sun nemi hutun makonni daga wurin aiki, sau da yawa babu albashi, kuɗin tafiya kuma karo-karo ne daga 'yan kulob da 'yan kasuwar gari. A nan ma talaka ne ke cutuwa, ko da doka ta ba shi izini.

Wani abin da mai duba tsofaffin sakamako ya kamata ya sani shi ne lokutan da aka rubuta ba sa kwatantuwa. Yawancin kogunan nan teku na turo musu ruwa yana janyewa, don haka tseren da aka yi ruwa na tafiya da jirgi ba ɗaya yake da wanda aka yi ana gaba da shi ba. Kowane gari da tsawon filinsa da kwanoninsa. Yarra kanta an sauya mata hanya a 1886 da aka haƙa mashigin Coode don manyan jirage. Abin da ke da ma'ana kawai shi ne wa ya riga wa, kuma da tsawon jirgi nawa.

Ranar 1 ga Janairu 1901 yankunan shida suka dunƙule suka zama tarayya, suka koma jihohi. Gasar ba ta sauya komai ba sai suna, daga "tsakanin yankuna" zuwa "tsakanin jihohi". Amma bayan 'yan shekaru sarautar Victoria ta karye. A 1906 aka kai tseren kogin Swan a Perth, Tasmania, ƙaramin tsibirin da ba a sa shi a lissafi, ta ci. Ta sake ci a 1909 da 1914. New South Wales ta farfaɗo ta ci a 1908 da 1910 da 1911, kuma a 1912 wani jirgi da ya haɗa 'yan Sydney da 'yan Melbourne ya je Henley ya ɗauko babban kofin mutum takwas, kafin kulob ɗin Leander na Ingila ya fitar da shi a gasar Olamfik ta Stockholm. A 1913 kuwa Ostareliya ta Kudu ta ci karo na farko, da matuƙa daga wani ƙaramin gari na bakin kogi mai suna Murray Bridge. Sai yaƙin duniya ya ɓarke, aka ajiye filafilai daga 1915 zuwa 1919.

Kofin da gasar ke ɗauke da sunansa daga wannan yaƙi ya fito. Bayan an tsagaita wuta, dubban sojojin ƙawance na zaune a Turai suna jiran jiragen da za su kai su gida, hukumomi kuma na neman abin da zai ɗauke musu hankali. A watan Yuli na 1919 aka shirya tseren zaman lafiya a Henley, Sarki George na Biyar ya ba da kofi don jiragen mutum takwas na sojoji. Amurka da Faransa da Kanada da New Zealand sun shiga, Oxford da Cambridge sun shiga, sojojin Ostareliya suka sa jirgi biyu. Jirginsu na ɗaya ya fara da kayar da ɗan'uwansa, ya fitar da Cambridge, ya doke Oxford a karon ƙarshe. Jagabansa Kyaftin Clive Disher ne, likita daga Victoria. A bayansa akwai manjo, da laftanoni, da saje, da sojojin igwa marasa igiya, daga jihohi daban-daban. A Henley ɗin da ke tankaɗe mutane da sana'arsu, ga hafsa da ƙaramin soja suna jan ruwa da bugu ɗaya.

Da aka dawo gida sai wata rigimar ta tashi. Hukumomin soja suka riƙe kofin a matsayin ganimar yaƙi, suka ce gidan tarihin yaƙi ne mazauninsa. Ƙungiyoyin tuƙi suka roƙa a ba su don a riƙa yin gasar jihohi a kansa, aka ce a'a. Da suka ga an rufe musu kowace ƙofa, sai suka tsallake gwamnatinsu suka kai kuka wurin wanda ya ba da kofin tun asali, da takardar koke mai sa hannun Disher. Amsa ta zo a 1921 ta hannun Winston Churchill, wanda a lokacin shi ne sakataren harkokin yankunan mallaka: Sarki na so kofin ya zama na dindindin, a riƙa yin takara a kansa duk shekara a tseren mutum takwas na jihohin Ostareliya. Magana ta ƙare.

Shekarun da suka biyo baya su ne, a ganina, mafi daɗin labari, domin manyan biyu sun koma 'yan kallo. Daga 1920 zuwa 1928 babu shekarar da Victoria ko New South Wales ta ci. Ostareliya ta Yamma ta ɗauka a 1921 da 1925 da 1927 da 1928, Queensland a 1924, Tasmania a 1926. Sauran ukun, 1920 da 1922 da 1923, na mutanen Murray Bridge ne.

Garin yana da nisan kusan kilomita 75 daga Adelaide, wurin da layin dogo ke tsallaka kogin Murray. Matuƙansa ma'aikatan reluwe ne da masu sana'ar hannu da mutanen kogi, irin waɗanda tsohuwar dokar Sydney ba za ta bari su taɓa filafili ba. Ana yi musu laƙabi da sunan wani babban kifi na kogin. Ɗaya daga cikinsu, Arthur Scott, yana cikin sojojin igwan da suka ci kofin a Henley. Da suka ci gasar 1923 a Perth, kowa ya ɗauka su ne za su wakilci ƙasa a Olamfik ta 1924 a Faris. Sai aka fara ƙananan maganganu: shekarunsu sun ja, salon tuƙinsu ba na makaranta ba ne, kuma wai anya za su iya zama da manyan mutane a Turai ba su ba da kunya ba? Aka ce sai an sake gwaji. Aka yi a Port Adelaide, suka sake cinyewa. Kuɗin tafiya ma sai da jama'ar jiharsu suka yi ta tarawa. A Faris ba su kai karon ƙarshe ba, ɗaliban Jami'ar Yale ne suka ci wa Amurka zinariya. Masu sukar sun sami abin faɗa, amma ba wanda ya iya nuna wani jirgi a Ostareliya da ya fi su gudu a lokacin.

Mata ma ba su jira an gayyace su ba. A 1920 aka fara gasar jirgin mutum huɗu ta mata tsakanin jihohi a Brisbane, kuma matan Mannum, wani ƙaramin garin na bakin Murray, su suka ci. Kofinsu ƙungiyar masu otal da mashaya ta Queensland ce ta bayar, kuma sun daɗe suna gudanar da harkarsu da ƙungiyarsu daban da ta maza. Sai a 1999 gasar tasu ta koma jirgin mutum takwas.

Abin mamaki, duk wannan tsawon lokaci babu wata hukuma ta ƙasa da ke riƙe da wasan. Wakilan jihohi ne ke zama a gefen gasar kowace shekara, su yi ja-in-ja, su tsayar da inda za a je baɗi. Sai a 1925, shekara 47 bayan tseren farko, aka kafa majalisar tuƙi ta ƙasa baki ɗaya. Tazarar mil uku kuwa ta zauna har zuwa 1960, lokacin da aka koma mita 2,000 irin ta Olamfik.

A cikin gida, dokar hana masu aikin ƙarfi ta mutu a hankali, amma ta ci gaba da jiran 'yan Ostareliya a Ingila. Bobby Pearce, wanda ya ci gasar jihohi ta jirgin mutum ɗaya sau uku a jere daga 1927, ya kuma ci zinariya a Olamfik ta Amsterdam a 1928, bai samu shiga Henley a lokacin ba saboda kafinta ne. Sai da ya koma Kanada ya zama dillalin wani kamfanin giya sannan aka karɓe shi, ya ci a 1931. A 1936 kuma jirgin mutum takwas da Ostareliya ta tura Olamfik ta Berlin na kulob ɗin 'yan sandan New South Wales ne, jihar da ta fi kowa dagewa kan wannan doka a da. Sun nemi su tsaya a Henley su yi tsere a kan hanya, aka ce ɗan sanda ma mai aikin ƙarfi ne, ba zai shiga ba. Abin ya jawo surutu sosai har a cikin Ingila kanta, kuma a 1937 aka goge sharaɗin daga littafin dokoki.